Gadin Illa da Surukarsa Hajja

Duk wanda ya taɓa noman lambu a bakin tafkin Gidimuni ya san rairayin da ke tsakanin lambunanmu da gudro, wato hanyar kwalta. Ba wani nisa ba ne, amma kamiyo, motar ɗaukar kaya, ba ya shiga, wanda ya gwada sai an tono shi. A kan jaki ake fitar da tumatir, kafin ya isa bakin hanya rabinsa ya zama miya. Illa, maƙwabcina a lambu, ya fi kowa shan wannan wahala. Tumatir kaɗai yake shukawa, bana kuma ya ninka filinsa don an ce za a yi hanya.

Wadda ta faɗi hakan ita ce Zakiyya, injiniya daga Damagaram. A can birni akwai wata masana'antar filasta da ke zubar da wani farin gari, jibsin ake ce masa. Zakiyya ta gwada, ta ga in an cakuɗa shi da jar ƙasa da ɗan siminti aka daddanne, yana kama jikinsa ya ɗauki mota. Masu masana'anta a raba su da shara, mu kuma mu sami hanya. Aka jibge mana ƙaton tsibi a bakin rairayin aka rufe da tamfol. Ta ce injin daddannewa sai bayan Sallah zai iso, a samo mai gadi. Illa ya miƙe da kansa, don ba wanda ya kai shi buƙata.

Ya yi gadi kuwa, har akuya ba ta isa ta shinshina tamfol ɗin ba. Matan gari suka gano jibsin ɗin nan ya fi kowace farar ƙasa haske a jikin bango, ga Sallah ta matso. Suka riƙa zuwa da ƙore, yana kora su da sanda.

Sai ga Hajja, uwar matarsa Husaina, da ƙwaryarta.

A wajenmu suruki ba ya haɗa ido da uwar matarsa, ba ya kama sunanta. In ya hango ta a hanya sai ya ratse. Illa ya hango Hajja, ya tuɓe takalmi, ya zagaya bayan tsibin ya tsuguna. Ta ɗaga tamfol, ta cika ƙwarya, ta tafi tana sa albarka.

Da a nan abin ya tsaya da ban ɓata bakina ba. Amma matan garinmu ba sa barci. Washegari suka sa Hajja a gaba, su suna biye kamar 'yan rakiyar amarya. Illa ya sake zagayawa baya. Daga ƙwarya aka koma buhu, daga buhu aka koma amalanke. Tsohuwar da ke kukan ciwon gwiwa in an kira ta gaisuwar mutuwa, ita ce ta riƙa sintiri safe da yamma, kowace unguwa na aron ta. Wallahi raina ya ɓaci har abinci ya daina yi mini daɗi.

Na same shi a bayan tsibin na ce, “Illa, hanyarka ce fa ake kwashewa a ƙwarya!”

Ya ce, “To in yi yaya? In fito in tsaya gabanta?”

“Aika Husaina ta yi mata magana.”

“Na aika. Ta ce ƙasa ce, ƙasa kuwa ta Allah ce.”

Ranar Sallah garinmu ya yi fari fat, har garken awaki an shafe. Mutane suna ta yaba wa junansu.

Bayan Sallah Zakiyya ta iso da injin a kan babbar mota, gari ya fito kallo. Ta yaye tamfol. Abin da ya rage bai kai ya shimfiɗe ƙofar masallaci ba.

Ta ce, “Malam Illa, ba na neman a kama kowa. Na san akwai buhunan da ba a jiƙa ba a cikin gidaje. Ka faɗa a gaban mai gari wa ya fara ɗiba, a je a karɓo, sauran za su fito da nasu. In ba haka ba injin nan ya wuce Zermu yau, su ma suna jira.”

Na kasa haƙuri na ce, “Hajja ce, kowa ya sani!”

Aka yi mini ca. Mai gari ya ɗaga hannu ya ce ba zai shiga gidan dattijuwa a kan maganar mai zafin kai irina ba, mai gadi ne aka ba amana, shi zai faɗa.

Hajja tana tsaye a gaban taro da mayafinta na Sallah, ko gezau. Illa ya dubi wajen lambunsa, inda tumatir ya fara ja. Ya sunkuya ya tuɓe takalmi, ya tsuguna.

“Madam, ban ga kowa ba.”

Zakiyya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta yi wa direba alama ya tada mota. Mata suka hau yabon Illa ƙasa-ƙasa, wai ɗan halak ne, mai kunya, irinsa ya yi wuya a zamanin nan. Hajja ta juya wajen 'yarta ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Husaina, kin yi dacen miji.”

Illa yana tsugune kansa a ƙasa, bai ma ga fitar injin ba.