Ranar da Moton Manzo Ya Yi Zafi

Shekara talatin da ɗaya Manzo da matarsa Yalwa suna zuwa kasuwar Magariya daga Kwaya a amalanken jaki. Jakin malalaci ne na ƙarshe, amma ba mai yi masa tsawa, don a kan amalanken nan suke duk maganarsu. A gida ba dama: ga surukai, ga jikoki, ga kunya. A hanya suka tsara auren 'ya'yansu biyar, a hanya suke faɗa, kafin su shiga gari sun shirya.

Sai ɗansu Sirajo ya aiko da moto, wato babur, daga Damagaram, wai ya hutar da su. Manzo ya bar wa ƙanensa jakin, ya koyi tuƙi, baki har kunne. Tafiya ta koma ta ɗan lokaci. In Yalwa ta buɗe baki iska ta kwashe, shi kuwa ba abin da ya iya sai "Me kika ce?" Ta gaji ta daina.

Bayan wata uku Manzo ya lura tuwo na zuwa, ruwan wanka na zuwa, amma Yalwa ba ta ƙara tsokanarsa ba. Ko ciwon gwiwarta a bakin matar Sirajo ya ji. Abin ya tsorata shi ƙwarai. Matarsa na neman zama baƙuwa a gidansa.

Ranar kasuwa, suna tsakiyar gonakin gyaɗa, moto ya yi shiru.

"Zafi ya yi," in ji Manzo. "Sai ya huce."

Suka zauna gindin wata tsamiya. Wani bawan Allah ya tsaya zai duba musu, Manzo ya sallame shi da godiya tun bai taɓa komai ba. Yalwa ta kalli mijinta ta gefen ido.

"Yaya gwiwar?" ya tambaye ta.

"Yau ka sani?"

Daga nan bakin ya buɗe. Ta yi mita son ranta, ya amsa laifinsa, ta ba shi labarin wata uku cur, har ta kwaikwayi yadda yake sandarewa a kan moto. Manzo ya yi dariya har da hawaye, ransa fes.

Da suka tashi, bugu ɗaya moto ya kama.

"Malam," in ji Yalwa tana gyara zama, "wannan moto naka kullum zai riƙa zafi?"

"Duk ranar kasuwa."

"To ya yi da dawowa ma. Ban gama ba."