Gabas a Aziziyya

Ustaz Marwan, mai kula da harkokin ɗalibai a jami'armu, ya je kwas Turai ya dawo da sabon salo. Wai ɗakin sallar sashenmu ya zama "ɗakin natsuwa" na kowa da kowa, kada a bar alamar addini ko ɗaya. Kowa da kowa wa? A Makka fa muke, jama'a! Amma haka aka naɗe dardumai, aka ɓamɓare kibiyar alƙibla, aka ajiye fulawar roba a tsakiya.

A haka na tarar da ɗakin, ina sabon zuwa daga Kano. Na baro Inna kwance da ciwon ƙafa, na yi mata alkawarin nafila kullum tsakanin darasi da darasi, tunda ga ni kusa da Ɗakin Allah. Ɗakin natsuwar kuma ba taga. Na tari wani ɗalibi, Rakan, jikan Hausawa haifaffen nan unguwar Aziziyya, Hausarsa kamar shayin da aka cika wa ruwa.

"Ɗan'uwa, ina gabas?"

Ya duba wayarsa, ya nuna bangon hagu. "Gabas? Nan, wallah."

Na kama nafila, har da kuka. Wata da watanni ina yi, sai ranar da Malam Abdulganiyyu, wani dattijon malaminmu ɗan Sakkwato, ya leƙo ya jira na sallame.

"Mudassir, me Ka'aba ta yi maka ka ba ta baya?"

Ashe Harami na yamma da mu! Mu a gida gabas ita ce alƙibla, shi kuwa Rakan mafitar rana ya nuna min. Na zo Makka takanas ina kallon Mina. Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya. Na je wa Ustaz Marwan a fusace kan a maido da kibiyar alƙibla, ya ce kibiya alama ce, sai kwamiti ya zauna.

Ina fitowa daga ofishinsa Inna ta kira, muryarta garau.

"Ɗan nan, yau da ƙafata na je gidan ƙawata Hure! Addu'arka ta ci. Don girman Allah kada ka sauya komai, yadda kake yi ɗin nan, ka ci gaba."

"Inna, ai akwai wani ɗan..."

"Ka yi min alkawari."

Na yi mata. Na koma ɗakin da alwalata, na tsaya kusa da fulawar roba, na ɗaga hannu zan yi kabbara, na rasa bangon da zan kalla.