Ƙahon da Ya Ƙi Kamawa

Bara'atu tana cikin juya tarwaɗa a kan ragar banda, hayaƙi yana cin idonta, sai wayarta ta yi ƙara a ƙugu. Maƙwabciyarsu 'Yar'azumi ce.

"Ke, kina kasuwa? Baffanki Muttaka ya shiga gidanku da zabira, kuma yanzun nan Iya ta aiko neman gawayi."

Shigar zabira gidansu ba labari ba ne, gidan wanzamai ne tun kaka da kakanni. Gawayin ne ya tsinka mata zuciya. Aski ba ya buƙatar wuta, ƙaho ma haka. Sakiya ce kaɗai ake hura wa garwashi, a gasa ƙarfe ya yi ja, a huda kumburi da shi.

Ta bar kifin a hannun abokiyar sana'arta, ta tsayar da ɗan acaɓa.

"Ka yi gudu, don Allah."

"Hajiya, ruwa ya cinye hanyar ƙasa, sai mun zaga."

Suka bi ta gefen jinga, inda mutanen unguwa ke jera buhunan yashi. Kogin Haɗeja ya cika ya batse, gonakin shinkafa sun zama tafki, kan ciyawar kacalla kaɗai ake hange. Tun safe direbobi ke cewa a tasha idan aka ƙara ruwan sama ɗaya, ko ta hanyar Malam Madori mota ba za ta fita ba. Gobe da safe kuwa ake jiran mahaifinta, Sa'idu Wanzami, a asibitin Kano.

Kumburin ya fito masa ne a ƙasan kunnen dama tun kafin azumi, ɗan ƙarami kamar gurjiya. Aka ce hangum ne, aka yi ta yi masa dariya wai tsoho da ciwon yara. Hangum dai yakan yi kwanakinsa ya tafi. Wannan ya zauna, ya kai girman ƙwan zabo, ba zafi, ba zazzaɓi. Da ƙyar Bara'atu ta ja shi asibitin gari, can suka tura su Kano. Aka ɗauki hoto, aka zuƙo ɗan abin da ke ciki da siririyar allura. Da sakamako ya fito, likitar ta zaunar da su biyu, ta ce ciwon daji ne a wurin da yawu ke tsattsafowa, irin da ba kasafai ake ganinsa ba. Ta zana musu jijiyar da ke motsa fuska, yadda ta ratsa ta tsakiyar wurin kamar saiwa. Ta ce za a ciro shi ɗungurungum, za a yi ƙoƙarin tsirar da jijiyar amma ba ta yi alkawari ba, wataƙila kuma a bi da gashi na na'ura. Sannan ta dubi zabirar da Sa'idu bai taɓa rabuwa da ita ba, ta ce, "Baba, kada kowa ya huda shi. In ya fashe a ciki, ya watsu."

A mota Sa'idu ya ce, "Kada uwarki ta ji sunan nan." Bara'atu ta san dalili. A garin nan kowa ya haddace cewa daji ba ya son ƙarfe, ko allura ba a yi masa. Ba wanda ya san wa ya fara faɗa, amma kowa zai rantse a kai. Ranar da Iya ta ji kalmar, ranar za ta kwanta a bakin ƙofa ta hana tafiya Kano.

Ta tarar da su a tsakar gida. Baba yana zaune a tabarma, ya cire hula, ya karkata kai. Kasko na gefe, bakin ƙarfen ya soma ja. Iya tana fifita wutar da mafici.

"A'a, ga sarauniyar tarwaɗa," in ji Baffa Muttaka. "Tun daga zaure warinki ya yi sallama."

"Baffa, me za a yi da wutar nan?"

"Abin da aka saba. Yaya ya ce ya nuna."

"Baba, ka manta abin da likita ta ce?"

Sa'idu bai dube ta ba. "Uwata, koma kan kifinki." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Likita!" Iya ta ajiye mafici. "Tun da suka soka masa allurar nan abin ya ƙara tashi. Mutumin da ya huda kumburin rabin garin nan, shi za a kai wa yarinya ta yanka? Su Sarkin Aska su ji da wane kunne? A fitar da mugunyar kawai, ya huta."

Maganar tana bakin Bara'atu, ta haɗiye. In ta yi shiru, ƙarfe zai shiga. In ta faɗa, Kano ta rufe. Ta durƙusa gaban baffanta.

"Baffa, ka taɓa shi da hannunka?"

"Yaya ne ya koya mini aikin nan. In ya ce ya nuna, ni wa?"

"To taɓa. Ni dai taɓawa kawai na roƙa."

Muttaka ya dubi yayansa. Sa'idu ya ce, "Ɗauko ƙarfe, wuta na mutuwa."

Muttaka ya naɗe hannun ƙarfen da tsumma, ya ɗaga shi. Zafin ya bugi fuskar Bara'atu. Muttaka ya matso, ya ɗora yatsun hagu don ya nemi inda ya fi laushi, kamar yadda ake yi. Ya danna sama. Ya danna ƙasa. Ya tura gefe, abin bai gusa ba. Yatsun suka daɗe a wurin, jan ƙarfen yana komawa toka-toka.

"Yaya," ya ce a hankali, "ba ruwa a cikin nan. Dutse ne."

"Yana can ƙasa. Soka."

"Kai ka ce mini abin da bai yi zafi ba, bai yi laushi ba..."

"Na ce ka soka!"

Da ya daka tsawar, gefen bakinsa na dama bai bi na hagu ba. Yawu ya gangaro kan gemu. Ya yi sauri ya goge da hannun riga, amma duk sun gani.

Iya ta dafe ƙirji. "Innalillahi. Ba dai daji ba ne? Bara'atu, dube ni. Abin da suka ce ke nan kuka ɓoye mini?"

"Shi ne, Iya."

"To wallahi ba inda za shi! Muttaka, jefar da ƙarfen nan. Ba naka, ba na asibiti. Akwai mai magani a Birniwa, jiƙo kawai yake bayarwa."

"Wurinsa aka kai Inuwa na Miga," in ji Bara'atu. "An tsare shi daga ƙarfe sarai. Ya ga girbi?"

"Kwanansa ne ya ƙare."

"Na yarda. Amma Baba nasa bai ƙare ba tukuna."

Hadari ya yi gunji daga gabas. Iya ta soma kuka, tana kiran sunayen waɗanda aka yi wa aiki suka dawo a makara. Sa'idu ya ƙura wa kasko ido kamar ba da shi ake ba. Bara'atu ta gane bai taɓa yarda mugunya ce ba. So yake a soka, ko Allah zai sa ta fito, likita ta zama maƙaryaciya.

Ta jawo zabirarsa, abin da mace ba ta yi a gidan, ta zaro ƙaho ta miƙa masa.

"Baba, tun bayan sallah duk mai son ƙaho wurin Baffa kake tura shi. Kana cewa idonka ne ba ya gani sosai. Ja wannan mu gani. In ya kama, ni da kaina zan kira Kano in ce mun fasa."

"Ke, ba ki da kunya?" in ji Iya.

Sa'idu ya karɓa. Ya naɗe hannun riga, ya kifa bakin ƙahon a damtsensa, ya sa leɓe a kan tsinin, ya zuƙa. Iska ta yi fito ta gefen bakinsa. Ya gyara, ya ƙara zuƙa har jijiyar wuyansa ta miƙe. Da ya saki, ƙahon ya faɗo tabarma, ya mirgina ya tsaya a ƙafar Muttaka. Ko shaida bai bari a fatar ba.

Ba wanda ya ɗauka. Ɗigon farko ya faɗa cikin kasko ya yi cuu.

"Abin ba ya jiran a taɓa shi, Ummussalma," Sa'idu ya ce wa matarsa. Rabon da ya kira ta da sunanta har an manta. "Ci yake tun tuni." Ya juya ga 'yarsa. "Akwai sauran mota?"

"Rilwanu direba ya ce zai tashi bayan la'asar, in ruwa bai riga shi ba."

"In sun yanke jijiyar fa?"

"Bakinka zai karkace, Baba."

"Ya riga ya soma." Ya shafa gemunsa, daga kunne zuwa haɓa. "Wurin da za su yanka, askewa suke yi?"

"Haka likita ta ce."

"Da reza, ko? Irin ta kanti." Ya yi tsaki. "Muttaka, kashe wutar nan. Wasa aska."

Iya ta tsaya tana kallonsu, hawaye na zuba. Can ta shige ɗaki, suka ji tana buɗe akwatin kayansa da ƙarfi, tana mita.

Muttaka ya jiƙa gefen fuskar yayansa, ya ja fatar da babban yatsa. Ya bi da askar a hankali, ya kewaye kumburin, bai ko shafe shi ba. Bara'atu ta riƙe musu tabarma a ka saboda yayyafi, wayar tana kunnenta, tana roƙon Rilwanu ya ajiye musu gidan gaba a motarsa.