Tambayoyi Biyar na Inna Mai Ɗinki

Inna Mai Ɗinki ta jingina wayar da gwangwanin maɓallai, ta gyara kallabi karo na uku, ta shimfiɗa takardarta a kan keken ɗinki. Saura minti goma 'yarta ta yi mata kiran bidiyo daga ƙasar da aure ya kai ta.

Wata shida ke nan tana rufe shago da la'asar. Matan layi sun sha lissafi: wasu suka ce asibiti take zuwa, mai kitso ta rantse bazawari ne. Ashe ajin manya take tafiya koyon Turanci, da furfurarta da komai. Duk saboda Takwara, jikar da aka sa wa sunanta, 'yar shekara bakwai, wadda ko "zo" ba ta ji da Hausa. Duk kiran da aka yi, sai yarinyar ta ɗaga hannu ta arce.

Malamar ajin, wadda suke kira Jan Biro, ba ta san wasa ba. Mako biyu cur suka yi a kan 'yar kalmar nan "the" da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba: in abubuwa suna da yawa, ina ake sa ta, ina ake cire ta. Tambayoyi biyar Inna ta rubuta wa Takwara. Jan Biro ta gyara su sau huɗu, ta sa ta yi ta maimaitawa har ta haddace.

Wayar ta yi ƙara.

"Mama, kin rame."

"Ke dai ba ni takwarata, ki je ki duba tukunyarki. Yau ba na son tafinta."

'Yar ta yi dariya ta tashi, ta zaunar da Takwara a kujerar. Inna ta gyara murya, ta jefa tambayar farko da Turanci tsaf: shin Takwara tana son kyanwoyi?

Yarinyar ta zaro ido, ta matso har hancinta ya cika wayar. Sai bakinta ya ɓalle kamar ruwan sama a kan kwano. Tana yi tana nuni da hannu, ta ruga ta ɗauko wani hoto. A duk wannan ambaliya, "the" kaɗai Inna ta iya cafkewa, tana wucewa kamar ɓera. A aji tambaya suka koya. Ba wanda ya taɓa amsa musu.

Takwara ta tsaya. Ta faɗi wani abu da ƙarshensa ya yi sama, ta zuba wa kakarta ido. Ta sake faɗa, a hankali.

Inna ta yi murmushi. Ta duba takarda, ta karanta ta biyu: wane launi ta fi so?

Yarinyar ta kalle ta jim, ta sulale daga kujera.

"Mama, me kika ce mata?" in ji 'yar da ta dawo, ludayi a hannu. "Kyanwarta ce ta mutu jiya. Tambayarki take ko ke ma kin taɓa rasa taki."

"Kira min ita."

"Ta shige ɗaki ta rufe. Wani makon ki bari in zauna in fassara, kamar da."

"To."

Wayar ta yi duhu. Wata mai karɓar ɗinki ta leƙo ta ƙofa.

"Inna, an sha hira da jika?"

"An sha," ta ce, ta hau taka keken, allurar ko zare babu.