Ruwan Saman Madam Odile

Shekara arba'in Firmin Dussolier ya yi yana zana gadojin kogin Seine a kan farantin jan ƙarfe, ba wanda ya taɓa tsallaka titi don ya saya. Ni ke da shagon kofi a ƙarƙashin ɗakinsa a unguwar Belleville, na san aikin kamar ni ke yi: ya shafe farantin da kaki, ya karce zanen da allura, ya tsoma a ruwan asid ya ci layukan, sannan ya shafa tawada ya matse takarda a kai. Gada ta fito tsaf, har duwatsunta kana iya ƙirgawa. Masu tara zane su duba su ce, "Da kyau," su wuce.

Matarsa Odile ba ta ko cewa da kyau. Wata Talata ta nemi katakon yankan albasarta, ta tarar Firmin ya dama tawada a kai. Ta ɗauko farantin da ya gama jiya, na gadar da ya yi wata huɗu a kanta, ta yanka albasa shida a kai, da duk haushin auren shekara talatin da takwas.

Firmin idonsa ya yi rauni. Ya goge farantin ya buga takarda bakwai kafin ya lura sararin samaniyar ya cika da karce-karce a karkace. Ya sauko shagona.

"Aristide, matar nan ta kashe ni."

"To gawa, kofi ko giya?"

Don kada takarda ta yi asara, ya kai wa wani dillali a bakin kogi. Dillalin ya sa musu suna Gada Cikin Ruwan Sama. Kafin wata uku an sayar da guda a gwanjo faran dubu goma sha biyu, kuɗin ƙasarmu na lokacin.

Sai ga Misyo Vauquelin, attajirin da ya sayi biyar cikin bakwai ɗin, ya hau benen yana haki. Na bi shi da kofi don kada labari ya wuce ni. Ya riƙe hannun Firmin ya ce ya rubuta shafi ashirin a mujalla kan wannan ruwan sama, hawayen mai zane ne da ya ga yaƙi. Firmin bai je yaƙi ba, ƙafarsa ta hana. Ya dai gyaɗa kai. Attajirin ya ce yana son wasu goma.

Firmin ya yi sati biyu yana zana ruwan sama da allura, layi bayan layi. Vauquelin ya sa gilashi ya duba.

"Malam, wannan ba rai a ciki. Kamar wani ne ke kwaikwayonka."

Dole tsoho ya je kicin da sabon faranti a hannu.

"Odile, ko za ki yi mana miyar albasa yau?"

"Kifi za mu ci."

"Ki yanka ko guda biyu ne."

Ta yanka, tana dariya. Layukan suka fito laƙwas, kamar yayyafi. Firmin ya gane sai ranta ya ɓaci hannunta ke sara da ƙarfi. Ya zagi girkinta, ya ce ƙanwarta ta fi ta kyau, ya zubar da toka a zanin teburinta. Odile ta gano dabarar tun ranar farko, ta riƙa amsa masa da "To, masoyi." Tunda na san su ban taɓa ganin zaman lafiya irin na watan nan ba, kuma ban taɓa ganin Firmin cikin baƙin ciki haka ba.

Ranar da Vauquelin ya dawo karo na uku, Odile ce ta buɗe ƙofa da wuƙa a hannu.

"Misyo, ga mai zanenka. Ka shinshina takardunka da kyau, za ka ji albasa."

Ya zauna a kujera ba a ce masa zauna ba. Ya tambaya wa da wa suka sani. Ta nuna ni. Ya daɗe yana kallon ƙasa, ina jin shafi ashirin ɗin nan yake tunawa da abokan da ya karanta wa su a liyafa. Can ya ce me za a ba su su yi shiru.

Odile ta buɗe kabad. Zanen gadoji ɗari uku da wani abu, na shekara arba'in, ba ɗigon ruwa a ko ɗaya.

"Duka za ka saya. Kuma ka rataye su inda baƙi ke gani, ba a ɗakin ajiya ba."

Ya saya. Da mutane suka ga Vauquelin na tara gadojin Dussolier marasa ruwa, sai suka ce lalle akwai abin da ya hango, su ma suka shiga nema. Firmin ya san dalilin, amma hakan bai hana shi sayen sabuwar hula yana zama a ƙofar shagona yana yi wa matasa bayanin sirrin fasaha ba.

Ni kuwa an toshe mini baki da injin kofi sabo. Vauquelin ya rasu bara, injin ma ya lalace, shi ya sa kuke jin wannan.