Hannun Baba na Dama

Ranar da Fasto ya sanar cewa Kansila zai zo a ɗora masa hannu kafin zaɓe, na yi murmushin da na daɗe ban yi irinsa ba. Ga shi zai kawo kansa har gabana.

A cocinmu, duk ɗan ikilisiya da ya tsaya takara, Lahadin ƙarshe yakan durƙusa a gaba, dattijon da ya fi kowa shekaru ya ɗora masa hannun dama a ka ya yi addu'a. Fasto kullum cewa yake coci ba ta zaɓar wa kowa ɗan takara. To, mun ji. Amma kowa ya san wanda ya tashi ba a ɗora masa hannu ba, ƙuri'ar unguwarmu ta wuce shi.

Dattijon nan kuwa babana ne, kuma hannunsa na dama ya mutu. Ni nake ɗaga masa shi.

Kansilan ne sanadi. A zangonsa na farko ya turo katafila ta rushe shagunan bakin titi, wai za a faɗaɗa hanya, har da shagon waldar Baba, da injinsa a ciki. Baba yana tsaye yana kallo ya yanke jiki ya faɗi, ya farfaɗo da shanyewar ɓarin jiki. Hanya har yau shiru, filin ya zama wurin ajiye motocin surukin Kansila. Ni nake ɓalla wa Baba maɓallan riga, ni nake goge masa baki, kuma duk sanda na yi sai fuskar mutumin nan ta faɗo min. Na tsane shi, ban taɓa ɓoye wa Allah ba.

Shirina ba wahala. Zan tsaya kawai, in bar shi a durƙushe.

Ranar Lahadi ya shigo cikin fararen kaya, riƙe da Littafi Mai Tsarki sabo fil, ko buɗe shi ba a taɓa yi ba. Ya fi mawaƙan coci ɗaga murya. Da lokaci ya yi, matarsa ta shimfiɗa masa hankici don kada wando ya yi datti, ya durƙusa. Na riƙo Baba muka taka a hankali har gabansa. Fasto ya gyaɗa min kai. Sai na mayar da hannuwana baya na harɗe.

Coci ta yi tsit, sai ƙarar fanka. Ina kallon gumi yana gangaro wa Kansila a ƙeya, mata a bencin baya sun fara ƙus-ƙus. Rabona da jin daɗi irin wannan tun Baba yana da lafiya.

"Auta," Baba ya ce a hankali, harshensa da nauyi. "Ɗaga min."

"Ba zan ɗaga ba, Baba. Shi ya kashe hannun nan."

Ya dube ni. Ya jingina sandarsa a jikina, ya kama wuyan hannun dama da na hagu, ya ɗaga. Ya suɓuce masa ya bugi kafaɗar Kansila. Ya sake kamawa, jikinsa duka yana rawa, har ya dire shi a kan mutumin. Kansila ya zabura da ya ji sanyin hannun.

"Ya Ubangiji, ga ɗanka," in ji Baba. "Abin da ya yi min na yafe. Ka hana shi yi wa wani."

Amin ɗin da aka amsa ba ta da ƙarfi.

A hanyar gida zuciyata kamar ta fashe. Na daure har muka wuce filin motocin, sannan na kasa.

"Baba, ka wanke shi a gaban jama'a. Yanzu zai ci zaɓe da hannunka."

Ya tsaya ya huta a kan sandarsa.

"Wa ya ce miki zan zaɓe shi? Shagona nawa ne, ina da ikon yafewa. Amma akwai masu shaguna a ɗaya titin, su ba nawa ba ne da zan miƙa masa. Wannan Allah zai tambaye ni."

Ni dai ban yafe ba, ya kuma sani.

"Ranar zaɓe ki tashe ni da wuri," ya ce. "Na hagu yana dangwalawa."