Askin Bushiya

Duk layin Bushiya ake ce masa, amma sai ya ba da baya. Tsohon malamin makaranta ne, har yanzu ko gaisuwa ka yi masa sai ya sami abin gyarawa. Matarsa ce ke yi masa aski, saboda hannunsa rawa yake. Da ta rasu ya koma datse gemun da almakashi, ya tsaya gajere mai kaushi kamar buroshin wanke tukunya.

Ranar da 'yarsa za ta tafi, ta juyo masa da kumatun jaririnta. Ja wur, duk ƙuraje.

"Baba, gemunka ne. Jiya ka goga masa."

"Zafi ne."

"Zafin ɗaya kumatun kawai ya sani? Wallahi ba za ka sake ɗaukarsa ba sai ka yi aski. Kuma direba yana hanya."

Aiki ya kai mijinta wata ƙasa mai nisa. Likita kuwa, da Bushiya ya tambaye shi ko zai ga dawowarsu, sai ya shiga neman biro a aljihu.

Shagon aski ɗaya ne a layin. Shekarun baya, mai shagon ya ɗan yanke shi a haɓa, Bushiya ya miƙe a gaban jama'a ya ce ya ga mahauta da suka fi shi tausayi. Sunan ya bi mutumin. Har 'ya'yansa a makaranta 'ya'yan Mahauci ake kiransu.

Da ya shiga, hirar shagon ta mutu.

"Ikon Allah," in ji mai askin. "Malam, ɓatan hanya ka yi? Laburare yana can gaba."

"Aski."

"Layi ake bi."

Wani tela da ke jira ya dubi fuskar tsohon, ya ce ya ba shi wurinsa. Mai askin ya kakkaɓe kujera a hankali, ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya ɗan matse fiye da kima. Ya fasa sabuwar reza, ya ɗaga ta ga hasken taga yana dubawa kamar mai sayen zinariya. Sannan ya shafa sabulu, ya tura kan Bushiya baya da yatsa ɗaya.

Rezar ta sauka ƙarƙashin kunnen hagu. Ana jin ƙarar gashin, ƙir, ƙir.

"Yau ba gyara, Malam? Riƙon nawa ya yi?"

Amsa ta zo wa Bushiya har bakin harshe, mai kyau kuwa, irin wadda za a shekara ana maimaitawa. Ya haɗiye ta. Maƙogwaronsa ya motsa a ƙarƙashin ƙarfen.

"Jikana ne zai..."

"Rufe baki. Mahauci ba ya son dabba tana motsi."

Babu wanda ya yi dariya. Rezar ta gangara haɓa, ta tsaya daidai tsohon tabon, ta daɗe a wurin. Sannan ta wuce, ba ko ƙwarzane.

A waje motar da ta zo ɗaukar 'yarsa ta yi hon, ta sake yi. Bushiya ya riƙe wuyan hannun mai askin, ya ture shi gefe, ya fita da ƙyallen a wuya da sabulu a rabin fuska. Bai iya gudu ba, amma ya gwada.

'Yarsa ta riga ta zauna a baya, an rufe but ɗin kaya. Ta dube shi, ta buɗe ƙofa. Ta sa bayan hannunta a kumatunsa na dama, ta janye da sauri. Ta taɓa na hagu, ta shafa har ƙasan kunne.

"Nan gefen kaɗai, Baba."

Ya karɓi yaron, ya karkatar da wuya, ya manna shi a gefen hagu. Direba ya dubi agogo.

"Abokina, kada ka juyo," Bushiya ya ce wa jaririn. "Wancan gefen ba a gama ba."